Filash ɗin jikin kyamarar bidiyo: a ɗauki hoton kati da shi ko a kashe shi?

Ɗan Koyo na Kurna: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Tambayata a kan ɗan filash ɗin nan ne da ke jikin kyamarar bidiyo, wanda yake kusa da lens. Kyamarar Handycam ce ta Sony, mai memori. Matsala uku ce. Wani lokaci a danna maɓallin PHOTO filash ɗin ya ƙi tashi sam. In ya tashi kuma, wanda yake gaba fuskarsa ta yi fari fat, na baya sun nutse a duhu. Na uku, wasu fararen ɗigo-ɗigo masu zagaye suna fitowa a hoton kamar an yayyafa masa ruwa. Lalacewa ya yi ko rashin iya saiti ne? Allah ya ƙara girma.

Baba Mai Hoto, Fagge: Wa alaikumus salam. Yaro, babu abin da ya lalace a cikin ukun nan, halin abin ne. Fara da na farko. Filash ɗin kyamarar bidiyo na hoto mara motsi ne kaɗai, don haka sai kyamarar tana ɓangaren hoto yake aiki. Idan kana cikin ɗaukar bidiyo ka danna PHOTO, kyamarar za ta ajiye maka hoto, amma ba za ta harba filash ba, domin walƙiyar za ta ɓata bidiyon da ke tafiya. Littafin Sony ya faɗi haka a kan abin da suke kira Dual Rec. Tsayar da bidiyon, danna MODE har fitilar hoto ta kama, sannan ka duba alamar walƙiya a allo. In ka ga an ja mata layi a cikin da'ira, a kashe yake. In babu alamar komai, yawanci yana kan otomatik, kyamarar ce za ta yanke hukunci da kanta, kuma in ta ga kamar haske ya isa ba za ta harba ba. Mai da shi kan dole, wato alamar walƙiya ita kaɗai.

Injiniya na Farm Centre: In ƙara a kan maganar Baba. Akwai wasu abubuwan da ke hana shi tashi ko da an sa shi a kan daidai. NightShot, saitin ɗauka cikin duhu, in yana kunne filash ba ya aiki. Saitin yanayi irin na faɗuwar rana ko na wasan wuta shi ma yana kulle shi a yawancin kyamarori. A wasu Canon, in ka taɓa hasken hoto da hannu alhali filash yana kan otomatik, ba zai harba ba. Sai kuma caji. A cikin kyamarar akwai kafasita da take tara wuta ta kai wajen bolt 300 kafin ta sake ta gaba ɗaya cikin ɗan bututun gilashi mai iskar zenon. Tarawar tana ɗaukar daƙiƙu. A Sony fitilar CHG tana ƙyaftawa lokacin da take tarawa, sai ta tsaya cak in ta cika. Wanda ya yi gaggawar danna hoto na biyu kafin ta tsaya, shi ne yake cewa filash ya mutu. Batir in ya yi sanyi ko ya tsufa, jiran yana ƙara tsawo.

Mai Bidiyon Biki, Gyaɗi-Gyaɗi: Ni dai shawarata gajeriya ce: kashe shi. Duk mai bidiyo yana da fitilar LED a kan kyamararsa. Kunna ta ka ɗauki hotonka, abin da ido ya gani a allo shi zai fito. Filash ɗin nan ƙarami ne, yana dab da lens, haskensa a miƙe yake kamar tocila, fuska ta fito a baje ba tudu ba kwari. Me za a yi da shi?

Baba Mai Hoto, Fagge: Oga na Gyaɗi-Gyaɗi, ban yarda da kashe shi gaba ɗaya ba. Akwai abin da yake yi wanda LED ba za ta yi ba. Walƙiyarsa ba ta wuce kusan ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, sau da yawa ma ta fi haka gajarta, don haka tana daskarar da motsi. Ƙaramar LED ta kan kyamara haskenta ba shi da ƙarfin da zai bari shota, wato lokacin da kyamara ke buɗe wa haske, ta yi sauri. Kyamarar za ta sauka 1/50 na daƙiƙa ko ƙasa, ta ƙara gen, wato ƙarin hasken da take yi wa hoton ta lantarki, hannun mai liƙi ya fito a goge, hoton ya cika da tsaki-tsaki. A allon kyamara ba za ka gani ba, sai an wanke kati. Laifin filash ɗin ba rauni ba ne kawai, mutane ne suke neman ya yi aikin da ya fi ƙarfinsa.

Ga maganar tazara, wadda ita ce amsar tambaya ta biyu. Littattafan Handycam da yawa suna ba da tazarar mita 0.3 zuwa 2.5. Canon HV20 littafinta mita 1 zuwa 2 ya ce. Ke nan taku biyu ko uku ne daga inda kake tsaye. Haske kuma ba a hankali yake raguwa ba. In tazara ta ninka biyu, hasken da ya isa wurin kashi ɗaya bisa huɗu ne. In ta ninka uku, ɗaya bisa tara. Ka sa mutum a mita 1, wani a bayansa a mita 3. Kyamarar za ta auna ɗaya daga cikinsu. In ta auna na baya, na gaba ya samu ninki tara na abin da yake buƙata, fuskarsa ta ƙone. In ta auna na gaba, na baya ya ɓace. Babu saitin da zai gyara wannan, sai jera mutanen.

Ɗan Koyo na Kurna: To Baba, in hoton dangi ne fa, layi biyu, iyaye a zaune yara a tsaye a baya?

Baba Mai Hoto, Fagge: Matse layukan su haɗu, na baya su manne da kujerun na gaba. In layin gaba yana mita 2, na baya yana 2.5, na bayan za su samu kusan kashi biyu bisa uku na hasken, ido ba zai damu da bambancin ba. Amma in ka matso mita 1 kuma tazarar layukan tana nan rabin mita, na baya ƙasa da rabi za su samu. Kada su wuce mutum biyar ko shida a faɗi, domin gefe da gefe ma haske yana raguwa. In taron ya fi haka, fitar da su tsakar gida tun da sauran rana, filash ɗin jiki ba na wannan ba ne.

Injiniya na Farm Centre: Wani abu da ake mantawa shi ne zum. Lens ɗin yawancin kyamarorin nan yana buɗewa har f/1.8 (lambar buɗewar lens, ƙaramar lamba ta fi shigar da haske) in yana a faɗi, amma in ka jawo hoto ya kai ƙarshe sai ya tsuke zuwa f/2.8 ko f/3.4, ya danganta da samfurin. Nisan da filash zai kai yana raguwa daidai da yadda lambar ta ƙaru. Yi lissafi: wanda yake kai mita 2.5 a f/1.8, a f/3.4 ba zai wuce kusan mita 1.3 ba in gen bai canza ba. Ga abin takaicin, mutum ba ya zum sai abin yana nesa, wato daidai lokacin da filash ya fi gazawa. Shi ya sa masu harba shi daga cikin jama'a a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe, ko daga kan benci a filin wasa na Sani Abacha, ƙeyar mutumin gabansu kawai suke haskawa, batir yana tafiya a banza. A irin wurin nan kashe shi ya fi, don in yana kunne kyamarar tana zaton haske zai zo, sai ta bar hoton ya yi duhu fiye da yadda zai yi ba tare da shi ba. Kuma dokin da yake kusa bai kamata a walƙa masa wuta a ido ba.

Hajiyar Ɗakin Kamu: Sannunku da ƙoƙari. Ɗigo-ɗigon nan na tambaya ta uku ba a taɓa shi ba, kuma mu masu shiga cikin mata shi ya fi damunmu. Ƙanena, ba dattin lens ba ne, kada ka gaji da gogewa. Ƙura ce da take yawo a iska dab da lens, filash ya haske ta, kuma saboda ta yi kusa sosai ba ta cikin fokas, sai ta fito da'ira fara. Alamar ganewa: ɗauki hoto biyu a jere, in ɗigon ya canza wuri to ƙura ce, in yana wuri ɗaya to lens ne. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar Kano ba ta rabuwa da ƙura. A ɗakin amarya kuma turaren wuta ne. Hayaƙinsa ba ɗigo kaɗai yake kawowa ba, yana mayar da hoton duka kamar an rufe shi da farin mayafi, launin leshi ya dushe. Roƙi a fitar da kaskon, a buɗe taga, a jira minti biyar zuwa goma. A kashe fankar sama in ɗakin da ƙura, kuma kada a ɗauka bayan an gama shara ko kakkaɓe kafet. In ba za a iya jira ba, a nan kam ina bayan Oga na Gyaɗi-Gyaɗi: LED a riƙe ta a gefe, nesa da lens.

Mai Bidiyon Biki, Gyaɗi-Gyaɗi: Yauwa Hajiya. Kin ga ai maganar tana dawowa inda na ce. Ga jan ido ma. Filash yana ɗan yatsa biyu daga lens, ɗaki da duhu, ƙwayar ido ta buɗe, hasken ya shiga ya bugi jijiyoyin jini na bayan ido ya dawo ta hanyar da ya bi. Saitin rage jan ido kuma walƙiya yake yi sau da yawa kafin ta gaske, mutane su zaci an gama su kau da kai, ko su rufe ido.

Hajiyar Ɗakin Kamu: Gaskiya ne, amma yana da magani mai sauƙi. A kunna duk fitilun ɗakin, ƙwayar ido za ta tsuke da kanta, ba sai an kunna saitin ba. In an kunna shi kuwa, a gaya musu tun farko: wuta za ta ƙyafta, kada kowa ya motsa sai na ce an gama. Abin da ya fi jan ido ɓata hoton amarya shi ne hoda. Akwai farar hodar da masu kwalliya ke sawa a ƙarƙashin ido da goshi don kama maiƙo, a ido ba a ganin ta, filash na buga ta sai ta fito fari kamar an shafa gari. Ɗauki gwaji ɗaya tun mai kwalliyar ba ta tafi ba, a nuna mata a allo, ta share abin da ya yi yawa da buroshi. Da zafi kuma, Maris zuwa Mayu, gumi ne yake ƙyalli a goshi da hanci. A danna da tishu, kada a goge.

Baba Mai Hoto, Fagge: Tunda an zo kan ƙyalli, mu yi maganar fararen kaya, don ita ce jarrabawar mai hoto a garin nan. Ango baƙi ne, babbar rigarsa farar shadda ce da ta sha bugu tana sheƙi. Kyamarar tana yin ƙaramar walƙiya ta gwaji ta auna abin da ya dawo. Shaddar ta mayar da haske da yawa, kyamarar ta rage ƙarfi, riga ta fito daidai, fuska ta yi duhu. In ka ƙara ƙarfin filash a menu zuwa HIGH fuska ta fito, aikin wuyan rigar ya ɓace cikin fari. Abin yi: bar ƙarfin a NORMAL, ka ƙara hasken ɗaki a fuskar, ka juya mutumin kaɗan don ƙirjin rigar kada ya fuskanci lens kai tsaye. In sai an zaɓa, gara fuska ta ɗan yi duhu a ɗaga ta a kwamfuta, domin farin da ya ƙone babu abin da ke dawo da shi. LOW kuma amfaninsa in kana ƙasa da mita ɗaya da rabi, ko mutum ɗaya ne kafaɗa zuwa kai.

Madubi, gilashin taga, firam ɗin bango, tayil mai sheƙi da kabad ɗin jere, duk kada ka tsaya musu ido da ido. Karkata kamar taku biyu gefe, walƙiyar za ta tafi wani wuri ba lens ba. Mai tabarau ya ɗan sunkuyar da haɓa. Inuwa kuma, ka janye mutum daga bango mita 1 zuwa 1.5, ka ɗaga kyamarar daidai idonsa ko sama kaɗan, inuwar ta faɗi bayan kafaɗa.

Injiniya na Farm Centre: Akwai wata inuwar da ba ta mutum ba ce, rabin da'ira baƙa a ƙasan hoto ko a gefensa. Wannan murfin rana ne na gaban lens, ko ƙarin lens mai faɗaɗa hoto da aka ɗaura. Filash ɗin yana dab da su, suna tare masa hanya. Cire su kafin hoto. Wasu samfuran ma in sun ji an ɗaura abu a bakin lens ba sa harbawa. Yatsa da igiyar murfi su ma suna yi. Sannan a riƙa goge gilashin filash ɗin da busasshen ƙyalle mai laushi. Ƙura da maiƙon hannu in suka zauna, zafin walƙiya yana gasa su, gilashin ya yi rawaya, haske ya ragu.

Gargaɗi ga masu son buɗe kyamara da kansu: kafasitar nan tana riƙe wutarta ko an cire batir. Tana jan mutum sosai, kuma in sukundireba ya haɗa ƙafafunta tartsatsin yana iya kashe allon lantarki na cikin kyamarar. Ana sauke ta ne ta hanyar rezisto, a auna da mitar awon wuta a tabbatar ta sauka. Wanda bai san wannan ba ya kai wa mai gyara.

Ɗan Koyo na Kurna: Allah ya saka. Ana cewa a rufe shi da tishu ko farar leda don hasken ya yi laushi. Yana aiki?

Baba Mai Hoto, Fagge: Kaɗan. Laushin haske daga girman abin da ke fitar da shi yake zuwa. Tishun da aka manna a kan gilashi bai ƙara masa girma ba, rage ƙarfi kawai ya yi, wajen rabi. In za a yi, a sa farar takarda mara kauri kamar faɗin tafin hannu, a riƙe ta yatsa biyu ko uku a gaban filash ɗin, kada ta shiga gaban lens, kuma kada a wuce mita ɗaya da rabi. Leda kam a'a, zafi yana narkar da ita ta manne. Maganar karkata hasken ya bugi silin ya dawo, wannan sai babban filash, na jikin ba shi da ƙarfin zuwa sama ya dawo.

Inda ya fi ko'ina amfani kuwa, da rana tsaka ne, abin da mutane ba sa tunani. Bayan ɗaurin aure a ƙofar masallaci, rana a tsakiyar ka, hula ko rawani ya jefa inuwa a ido, ko mutum yana ƙarƙashin rumfa bayansa fili ne mai haske. Sa filash a kan dole, matso mita 1.5, zai cike inuwar ya sa ɗan ƙyalli a ido, ranar ta yi sauran aikin. A nan launinsa ma ya dace, don farinsa kusan na rana ne, tsakanin kelbin (ma'aunin launin haske) 5500 da 6000.

Mai Bidiyon Biki, Gyaɗi-Gyaɗi: Wannan na cike inuwa na yarda, Baba. Amma launin shi ne matsala da dare. Fitilar halojin tana wajen 3200, ƙwan fitila mai zare 2700. Fuska ta fito da hasken filash, bayan ɗakin ya yi ja. A ƙarƙashin doguwar fitila kuma ya yi kore-kore. Mafi muni shi ne wanda ya daidaita fari (saitin launin haske na kyamara) da hannu a kan halojin don bidiyo, ya juya hoto bai mayar ba. Filash na bugawa kowa ya zama shuɗi. Duk lokacin da aka koma hoto a mayar da daidaita fari kan otomatik.

Mai Wankin Hoto, Zoo Road: Daga wajenmu masu wanki, abu biyu. A duba girman hoto a menu a sa mafi girma, don wasu kyamarorin suna zaune a kan ƙarami. Kati 4x6 a ɗigo 300 kowane inci yana son fiksel 1800 da 1200, kusan megafiksel 2.2. 5x7 yana son 2100 da 1500. 8x10 yana son 3000 da 2400, wato 7.2. Hoton da aka yanko daga bidiyon HD 1920 da 1080 ne, yana iya 4x6 da ƙyar, amma ba na firam ba ne. Lambar megafiksel da aka buga a jikin wasu kyamarorin ma ta fi ainihin abin da sensa ke da shi, kumbura hoton ake yi da lissafi. Na biyu, siffa. Kati 4x6 siffarsa 3:2 ce, kyamara tana ba da 4:3 ko 16:9. A 4:3 za a yanke sama da ƙasa, a 16:9 gefe da gefe. Ku bar fili a kan hula da ɗankwali. Kuma a danna PHOTO rabi, a jira koren ɗigo ya daina ƙyaftawa, sannan a ƙarasa. Yawancin hoton da ake cewa filash ya ɓata, fokas ne bai kama ba.

Ɗan Koyo na Kurna: Na gode ƙwarai. Ta ƙarshe: in ana son ƙarin ƙarfi, za a iya ɗora filash ɗin kyamarar hoto a kan takalmin saman Handycam, wato mariƙin da ake ɗora fitila ko filash?

Injiniya na Farm Centre: Duba takalmin tukuna. In babu ƙarafunan wuta a cikinsa, mariƙi ne kawai, ba zai harba komai ba. Tsofaffin Handycam da yawa suna da Active Interface Shoe, Canon na da Mini Advanced Shoe, dukansu sun fi takalmin kyamarar hoto ƙanƙanta, filash na gama-gari ba ya shiga. Hanya mai sauƙi ita ce filash mai idon gani, irin Yongnuo YN560 ko Godox TT600, wanda yake harbawa in ya hango walƙiyar wani. A sa shi a S2, ba S1 ba. S1 yana tashi da walƙiyar farko, wato ta gwaji, ya gama kafin a ɗauki hoton. S2 yana tsallake ta gwajin ya jira ta gaske. Kashe rage jan ido, don ƙarin walƙiyoyinsa suna rikita shi. Sa na jikin kyamarar a LOW, babban a riƙe shi a gefe sama da kai ko a nuna shi farin silin, a fara da ƙarfi 1/8, a duba allo, a ƙara ko a rage. Kyamarar ba ta san da shi ba, ba ta lissafa shi a awonta, don haka da hannu za ka daidaita.

Hajiyar Ɗakin Kamu: A ɗaki ko situdiyo wannan yana tafiya lafiya. A zauren biki mai masu hoto uku ko huɗu, walƙiyar kowa za ta riƙa tayar maka da shi, batir ɗinsa ya ƙare, lokacin da kai za ka danna yana kan caji. Juya idon ganin ya kalli kyamararka, ka kare shi da ɗan kwali ta ɓangaren da sauran suke tsaye.